Pil Shida a Kan Kwano

Ƙanena Istifanus bai yi suna ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ya yi ba. In kuka bi Yamai gida-gida yau, da ƙyar ku sami mutum goma da suka tuna da shi, su ɗin ma abin da za su ce shi ne, "Wannan dogon da ke yawo da piyano a hammata?" To, shi ne. Ni ce yayarsa, Dabora. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya, kuma ni na goya shi, saboda haka ina da ikon in faɗi nasa, in faɗi nawa.

A wani ƙauye arewa da Dogon Dutsi aka haife mu. Kafin a haife ni, mahaifinmu shi ne Mijinyawa mai goge, wanda 'yan bori ba sa shiga fili sai ya iso. Daga baya ya karɓi bishara, ya zama Yakuba. Dattawan ikilisiya na lokacin suka ce masa goge ba ya shiga ɗakin Ubangiji, don shi ke kiran iskoki. Baba bai yi gardama ba. Ya rataye gogen a rumbu har gara ta gama da shi. Mu dai mun tashi ba mu taɓa jin kiɗansa ba, sai dai in yana zaune, yatsunsa ba sa zama. A kan ƙotar hauya suke motsi, a kan gwiwa, a bakin ƙwarya, har innarmu kan ce masa ya bar ƙwaryar ta huta.

Istifanus shi ne auta, kuma Auta nake kiransa har ya yi furfura. Shi ya gaji kunnen. A lakwal ɗin mishan, makarantar da ya yi, ya sami wani tsohon organ mai fedal, ya koya wa kansa, ba wanda ya nuna masa rubutun kiɗa. Abin da ya ji, shi yake bugawa. Innarmu ta rasu a yunwar saba'in da huɗu, ni na sami aiki a Yamai, bayan shekara uku ya biyo ni. Muka kama ɗaki biyu a Kirkissoye, hayin gulbi, gidan da ba kuran, wato wutar lantarki, ba famfo. Ya sami aikin masinja a wani ofis, har ya yi babur.

A shekarar tamanin da uku aka rage ma'aikata, aka haɗa da shi. Mai hankali sai ya riƙe baburinsa da hannu biyu. Auta kuwa ya tafi Zongo a kan babur, ya dawo a ƙasa, da wani abu baƙi a hammata, yana murmushi har kunne. Wani makaɗi ɗan Benin da zai koma gida ya yi musanya da shi. Sai da maƙwabta suka shigo ba ni haƙuri ranar.

Gaskiya dai abin ya iya aiki, ko da yake ban faɗa masa ba. Ɗan Benin ɗin ya ce sunansa santetizer, amma mu duka piyano muke ce masa. Tsawonsa bai wuce taɓarya ba, kuma mace ma za ta ɗauka da hannu ɗaya. Yana da lasifikarsa a jiki. Ka danna nan ya yi sarewa, ka danna can ya yi kakaki, ko organ na majami'a, ko wata murya da aka rubuta mata violon. Yana da ganguna a ciki masu buga kansu, da abin murɗawa na ƙara musu sauri ko rage musu. Ɓangaren hagu yana riƙe ƙasan kiɗa, na dama yana jan waƙa, ta yadda mutum ɗaya zai cika fili kamar makaɗa huɗu. Akwai abin sawa a kunne, in ka sa shi ba mai ji sai kai. Akwai kuma wani jan maɓalli da ke riƙe abin da ka buga, ya maimaita maka shi yadda ka buga shi, da jinkirinka da gaggawarka. In akwai kuran, ka jona shi a bango. In babu, pil shida manya yake ci, wato batir.

Da shi Auta ya ciyar da kansa shekara guda: bikin aure, suna, wasan samariya, ranar Lahadi kuma majami'armu da ke cikin gari. Sai damina ta tamanin da huɗu ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Biki ya ɗauke, don ba mai kiran makaɗi gidan da ba a ɗora tukunya ba. Iyakar Najeriya a rufe, kayan da ke shigowa daga can suka yi wuya, pil na cikinsu.

Akwai wani abu da ya riƙa yi a lokacin da ban sani ba sai daga baya. Piyanon yana da maɓallin da ke sauke muryar kiɗa gaba ɗaya ko ya ɗaga ta, ba tare da ka sauya yatsu ba. Matan Zumunta na majami'armu, da yunwa ta fara cin su, sai muryarsu ta daina kaiwa sama. Kowace Lahadi Auta yakan sauke musu kaɗan, bai gaya wa kowa ba. Su kuwa suna ta yabon kansu, wai har yanzu da sauransu.

A watan goma Baba ya iso, a bayan motar itace, da sanda da buhu wanda ba komai a ciki. Ƙafafunsa sun kumbura don ya daɗe yana cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Na duba idonsa, na danna ƙafarsa, yatsana ya bar rami. Aikina ne, na san abin da na gani, kuma na tsorata.

Bai yi mako biyu ba sai aka yi shela a rediyo cewa duk wanda yunwa ta koro daga ƙauye za a kwashe shi a kai shi wuraren noman rani. Zamanin soja ne, ba a tambayar dalili. Kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa zagaya unguwa da hantsi. Na san in aka ɗora tsohon nan a bayan mota, gawarsa za a sauke. Saboda haka muka hana shi ko leƙa ƙofa. Mutumin da ya yi shekara saba'in a fili, muka kulle shi a ɗaki mai taga ɗaya. Ni ina gidan likita tun safe, Auta yana kasuwar Katako yana sauke katako don ya sami abin sa wa a baki. Don kada kaɗaici ya kashe shi kafin yunwa, Auta ya ajiye masa piyanon a kan tabarma, ya sa masa abin kunne, ya nuna masa inda ake kunnawa.

Kwana uku Baba bai taɓa shi ba. A na huɗu Auta ya dawo da azahar ya tarar da shi a sunkuye, ya bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan violon, hawaye na ɗiga a kan maɓallan.

"Auta," in ji shi, "wanga abu, wa ya sa mai goge a ciki?"

"Ba goge ba ne, Baba. Violon ne, na Turawa."

"To su Turawan ga sun ji goge wani wuri." Ya share ido da gefen riga. "Dattawa sun hana wanga shiga majami'a?"

"A'a. Kowace Lahadi yana can."

Baba ya cire abin kunnen ya ajiye. Sannan ya faɗa masa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tun shekarar da ya rataye goge ya haɗa wani kiɗa a ransa, na roƙon Ubangiji ruwa. Shekara talatin da wani abu yana buga shi a ƙotar hauya, bai taɓa jin sa da kunne ba. Abin da yake so a duniya shi ne a ji shi sau ɗaya a ɗakin Ubangiji.

Wata biyu ya yi yana neman hanyar kiɗan a kan maɓallan da yatsa uku. Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti ya ce ya samu. Auta ya danna jan maɓallin, Baba ya buga daga farko har ƙarshe. Gaɓa uku ne. Biyun farko a hankali suke tafiya, ko ni zan iya rera su. Ta ukun kuwa, in ji Auta, yatsun tsohon suka koma na saurayi, suna gudu suna komowa, suna tsayawa inda ba ka zata ba. Da ya gama ya sa Auta ya ɗora hannu a kan Littafi ya yi alkawari: ba wanda zai ji kafin majami'a ta ji, kuma ba za a kai wa masu kaset ba. Ya san su. Yau ka ba su, jibi ka ji shi a filin bori ana rawa.

Da na dawo aiki aka ba ni labari, na miƙa hannu in karɓi abin kunnen.

"Har ke, ɗiyata," in ji Baba.

"Har ni? Ni da ke wanke maka ƙahwa?"

"Har ke. Ki ji shi can, tare da jama'a."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ni ke bin layin jar dawar taimako, ni ke dakawa, ni ke ƙarya ga maƙwabta cewa ba kowa a ɗaki, amma an haɗa kai da akwatin roba an bar ni a waje. Daga ranar na ɗaure wa piyanon nan fuska. Ko sunansa aka ambata sai in tashi.

Baba ya rasu a watan biyu, da safe, ina riƙe da kansa. Bayan kwana bakwai Auta ya je wurin Fasto Bitrus ya roƙi a bar shi ya sa kiɗan a sujada. Fasto mutumin kirki ne, amma ya ce sai dattawa sun yi shawara, don a cikinsu akwai waɗanda suka san wane ne Mijinyawa. Ku da ba ku san shawarar dattawa ba, ku gode wa Allah. Wannan ya yi tafiya, wancan ba shi da lafiya, wani ya ce a bari a yi addu'a tukuna. Wata huɗu suna shawara a kan kiɗan da bai kai minti huɗu ba.

Ga abin da ban sani ba a watannin nan, kuma shi ne dukan labarin. Piyanon ba kaset ba ne. Kaset, ko ka jefa shi ƙarƙashin gado shekara goma, waƙarsa na nan. Shi wannan, abin da ya riƙe yana riƙe da shi ne da ƙarfin pil, ko a kashe yake. In pil suka mutu sarai, ko aka zare su, shi ke nan, ya manta. Hanya ɗaya ce ta sauya su: a jona shi a bango tukuna, a zare tsofaffin yana shan kuran, a sa sababbi. Mu kuwa ba mu da kuran. Saboda haka duk bayan 'yan makonni Auta yakan saɓa shi ya haye gada zuwa Zongo, shagon Abdulaye mai gyaran rediyo, wani Bazabarme mai haƙuri da ke barinsa ya jona. A can ne kawai yake iya sauraron Baba son ransa, don a gida kowane saurare cin pil ne.

Bai wahalar da kansa wajen koyon jan waƙar ba. Shirinsa shi ne ranar ya danna maɓalli Baba ya ja da hannunsa, shi kuma ya bi shi da hannun hagu, yana riƙe masa ƙasa. Wannan ya koya, har ya san tsawon kowane numfashi na tsohon.

Sau biyu ya so ya yi mini bayani. Na farko ranar da ya dawo ba takalmi, ya ba da su an ba shi pil. Ina ganin ƙafarsa na hau shi da faɗa.

"Yaya, tsaya in hwaɗa miki yadda abin ga yake aiki..."

"Ba ni son ji! Mutane na mutuwa da yunwa, kai kana ciyar da roba!"

Na biyu ranar da na gane ya daina zuwa ko ɗan bikin da ake samu in gidan ba kuran, don kada ya ƙarar da pil. Ya buɗe baki, na ce in ya ƙara ce mini piyano zan sa shi a murhu. Ya rufe bakinsa. Auta bai iya gardama ba, Baba ya biyo.

A kan gada akwai sojoji masu duba takardu da kaya. Yawanci sukan bar shi ya wuce, sun saba da shi. Wata rana a watan biyar aka kawo sabo. Ya juya piyanon, ya ga murfin pil, ya ce wa ya sani ko rediyon aika saƙo ne.

"Buɗe nan."

"Ranka shi daɗe, don Allah kak ka sa in buɗe. Ubana na ciki."

Sojan ya dube shi kamar mahaukaci, ya sa farce a murfin. Auta ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, ya ce a bari ya nuna abin kiɗa ne. Ya kunna gangunan maci, ya sa muryar kakaki. Sojan ya yi dariya, ya kira abokansa. Suka ce ya ƙara. Suka ce ya ƙara sauti. Suka ce ya yi wanda ake rawa da shi. Fiye da rabin awa yana buga musu a rana, lasifika a buɗe har ƙarshe, yana murmushi, yana jin pil ɗin da ya ba da takalmansa a kansu suna tsiyayewa. Abdulaye ya gaya mini daga baya cewa da ya iso shago bai ko gaishe shi ba sai da ya jona wayar tukuna.

A watan shida gulbi ya tsaya. Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Kogin da ke cin jirgi ya koma rairayi da 'yan kududdufai, mutane na haye shi da ƙafa, jakai na tsaye a tsakiyarsa. Sama fari fat, ba ko gajimare. Hukuma ta ce masallatai su fita roƙon ruwa, majami'u ma su yi nasu. A nan ne dattawanmu suka gama shawara. Suka ce tunda violon aka rubuta a jiki, ba goge ba, a yi ranar Lahadi.

Ranar Laraba 'yar wutar da ke gaban piyanon ta fara ƙyaftawa, alamar pil sun kusa. Auta ya je Zongo, ba kuran a layin su Abdulaye, kwana uku ke nan, kuma ba pil ko ɗaya a shagon. Alhamis haka, Juma'a haka. Majami'armu ma a lokacin ba a ja mata waya ba, da pil ake yi. Ranar Asabar da sassafe ya ce zai bi Katako rumfa-rumfa. Bai ɗauki piyanon ba, don tsoron kada ya gamu da mai son maci. Ya tura shi ƙarƙashin gado.

"Pil sun kusa mutuwa, Yaya. Kada kowa shi taɓa."

Na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana gangarawa wajen gulbi. Rigarsa ta yi masa yawa. Diddigensa ya tsage, yana taka rairayi yana ɗingishi. Sai zuciyata ta karye, karo na farko cikin wata shida. Na tuna ni na goya yaron nan. Na ce a raina, Dabora, kin cika baƙin hali, tsohon ya mutu, wannan kaɗai ya rage miki, gobe ranarsa ce, ko sau ɗaya ki taimake shi.

Kowace mace a Kirkissoye ta san abin da ake yi wa pil in ya gaji. A shanya shi a rana. Haka muke yi wa na tocila, haka muke yi wa na rediyo, ya sha zafi yini guda ya ba ka kwana biyu. Da ya ce kada kowa ya taɓa, ban ɗauka kowa ya haɗa da ni ba. Na jawo piyanon, na share masa ƙura da gefen zanena, har ina ce masa yau mun shirya. Na buɗe murfin da wuƙa. Na lura da yadda kowane ya kwanta don in mayar daidai. Na taka turmi na jera su shida a kan kwanon ɗaki. Da azahar na hau na juya su. Da la'asar na sauke, suna ƙona hannu, na mayar, na rufe. Na kunna, wutar ta kama jajir, ba ƙyaftawa. Wallahi har da 'yar rawata.

Auta ya dawo hannu wofi, leɓɓansa sun bushe. Bai samu ba ko ɗaya. Na ba shi ruwa, na kasa jira ya gama sha.

"Kwantar da hankalinka, Auta. Na shanya maka su. Je ka gani."

Ya sauke kwanon ruwan a hankali.

"Kin shanya mi?"

"Pil ɗin mana. Tun hantsi suna bisa kwano."

Ya tashi. Ya shiga ɗaki, na bi shi ina jiran godiya. Ya zauna a ƙasa, ya sa abin kunne, ya danna maɓallin. Ya jira. Ya sake dannawa. Ya kashe, ya kunna, ya danna. Ya cire abin kunnen ya buɗe lasifika, ko alkawarin ma ya manta, ya danna. Ba abin da ya fito sai ɗan huci. 

"Mi ya faru?" na ce. "Ba su yi ƙarhi ba?"

"Sun yi ƙarhi, Yaya. Ga wuta nan ta tsaya." Ya shafa maɓallan da tafin hannu. "Sai dai in an zare su, mantawa yakai. Shi ne nike son in hwaɗa miki."

Na yi jinyar mutane da yawa, na rufe idon da yawa, na rufe na Baba ban faɗi ba. Ranar kuwa na zube a gabansa. Na so ya zage ni. Na roƙe shi ya zage ni, na kama ƙafarsa mai tsagewa na ce ya buge ni. Ya ce, "Don ki taimake ni kinka yi," ya ɗaga ni. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi, kuma har yau ina jin haushinsa a kan wannan.

Na ce ya je ya gaya wa Fasto a fasa. Ya ce an riga an sanar, kuma Baba ya jira da yawa.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje, da namu da baƙin da yunwa ta koro, zafi kamar a gaban murhu. Bayan addu'o'i Fasto Bitrus ya ce ɗan marigayi Yakuba zai sa kiɗan da mahaifinsa ya bari. Auta ya ɗora piyanon a kan benci, ya durƙusa a gabansa, ya zaɓi violon. Gaɓar farko ya buga ta da hannunsa, don ta zauna masa a kai. Tsofaffin ƙasarmu ta Arewa da ke baya suka ɗaga kai, wata ta dafe ƙirji. Ya shiga ta biyu, ya yi tuntuɓe sau ɗaya, ya wuce. Ina zaune cikin mata ina roƙon Allah ya sauko masa da ta ukun daga ko'ina.

Da ya iso wurin, sai ya ɗauke hannun dama ya ɗora a gwiwa. Hannun hagu ya ci gaba shi kaɗai, yana riƙe ƙasa, yana sauyawa inda Baba ke sauyawa, yana jira inda Baba ke jira. Ba waƙa a sama, sai wannan gunjin a hankali. Kansa na karkace gefe, yana sauraro. Mutane suka sunkuyar da kai, suka ɗauka lokacin addu'a ne. Minti guda da rabi aka yi haka. Sannan ya ɗaga hannu, ya kashe. Pil ɗin da na shanya su suka kai shi har ƙarshe, wutar ba ta ƙyafta ba ko sau ɗaya.

Ruwa bai zo ranar ba. Sai bayan kwana goma sha tara, kuma damina ta yi kyau.

Auta ya ci gaba da yawo da piyanonsa har ya lalace a tamanin da tara, maɓallai biyar sun daina magana. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata uku, ya yi gadin wata makaranta har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu shekara goma sha shida da suka wuce. Sau da yawa na ce masa, kai da ke da kunne, ka ƙirƙiro wani abu ka cike wurin mana, wa zai sani? Yakan ce yana jin ta sarai a kansa, yatsunsa ne ba su kai ba, kuma in ya sa nasa a wurin, na Baba zai gudu. Na ce to rera mini da baki. Ya gwada sau biyu, ya tsaya, ya ce ba haka ba ne.

Matan Zumunta sun sa wa gaɓa biyun farko kalmomi, ta zama waƙar da muke yi duk shekara in damina ta yi jinkiri. Yanzu majami'a tana da piyano mai tsawon gado, wanda aka ce yana riƙe waƙa dubu ko an ɗauke wuta shekara. Masu buga shi ba su san Auta ba. Amma sun koya yadda suka tarar: in an zo gaɓa ta uku, kowa ya yi shiru, mai kiɗa ya ɗauke hannun dama. Bara wani sabon fasto ya yi mana wa'azi a kai, ya ce magabata sun bar wurin ne da hikima, don kowa ya faɗa wa Ubangiji abin da ke ransa. Jama'a suka ce amin.

Ni ban ce ba. Ina da shekara saba'in da biyar, gwiwoyina sun gaji, amma in an zo wurin nakan miƙe tsaye, jikokina suna jan zanena wai in zauna. Baba ya ce in ji shi can, tare da jama'a. Shekara arba'in ke nan ina zuwa, ina kasa kunne minti guda da rabi, ban taɓa jin sa ba.